Motar da ke kashe injinta a jar wuta: a bar ta da halinta, a hana ta, ko a nemi wata?

Ranar da yayana ya karɓi motarsa daga hannun dillali, wata ƴar Turai da ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Lome, ya ɗauke ni mu zaga Yamai da ita a sa albarka. Da muka iso jar wutar farko a kan hanyar Babbar Kasuwa, ya taka birki, ya fitar da giya, ya ɗaga ƙafarsa daga kuloci, sai injin ya yi tsit, fankar kilim kaɗai ke huci. Ya dafe kai ya ce, "Innalillahi, ka ga an sayar mini da gawa." Na ce, "Yaya, dubi allon gabanka tukuna," domin wata ƴar alama koriya ta fito, harafin A ne da kibiya ta zagaye shi. Kafin ya kai hannu ga makulli wuta ta ba mu hanya, ya taka kuloci, injin ya tashi da kansa, mai babur ɗin da ke bayanmu kuwa ya riga ya cika mana kunne da oda.

Motar lafiyarta ƙalau. Abin da ya firgita shi tsari ne da masu ƙera motoci suka sa da gangan, wanda ke kashe inji idan mota ta tsaya cak, ya kuma tayar da shi da zarar direba ya nuna alamar tafiya: a mota mai kuloci idan ya taka kuloci, a atomatik idan ya saki birki. Peugeot da Citroën suna kiransa Stop & Start, Mazda tana kiransa i-stop, Mercedes kuma tana rubuta ECO a kan maɓallinsa. A nan zan kira shi tsarin kashe-da-tashi. Da yake yawancin motocin Turai na shekaru goma zuwa goma sha biyar da suka wuce suna ɗauke da shi, kuma su ne yanzu ke sauka a wuraren dillalanmu, mai neman mota a Yamai ko Tawa ba zai daɗe yana yawo ba sai ya ci karo da shi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Toyota ta gwada ta a motar Crown a 1974, bayan tashin farashin mai na 1973, Fiat da Volkswagen kuma sun sayar da irinta a farkon shekarun 1980 ba tare da ta karɓu ba. Abin da ya yaɗa ta shi ne dokar da Tarayyar Turai ta kafa a 2009, wadda ta wajabta wa kamfanoni su rage hayaƙin sababbin motocinsu zuwa matsakaicin giram 130 a kowane kilomita kafin 2015. A gwajin da ake yi wa motoci a wancan lokaci, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin mota a tsaye take, saboda haka duk kamfanin da ya kashe inji a wannan tsayuwa ya sami sakamako mai kyau da kuɗi kaɗan. Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye a nan, domin yana nuna cewa an auna tsarin ne da yanayin ƙasashe masu sanyi, ba da la'asar ɗin watan Afrilu a Yamai ba.

Direbobi sun rabu a kansa gida uku, gwargwadon abin da nake ji a garaji da wurin wankin mota. Akwai masu ƙinsa tun daga ranar farko, waɗanda hannunsu ya saba da danna maɓallin kashe shi kafin ma su ɗaura bel. Hujjarsu ita ce inji da dimarer ba a yi su don a riƙa tayar da su sau hamsin a yini ba, kuma motar da ta mutu a tsakiyar titi abin kunya ce ko da da gangan ta mutu. Akwai masu sonsa, yawanci masu lissafin mai da waɗanda ke jin daɗin shirun da mota ke yi. Gida na uku, wanda nake ganin ya fi yawa, su ne waɗanda ba su ma san motarsu tana da shi ba, domin tun kafin ta zo hannunsu batirinta ya raunana, tsarin ya daina aiki a ɓoye. Ƙiyayyar ba tamu ce mu kaɗai ba: a watan Mayu na 2025 shugaban hukumar kare muhalli ta Amurka, Lee Zeldin, ya fito fili ya soki tsarin, ya ce hukumarsa za ta sake duba tagomashin da take ba kamfanoni a kansa.

Ma'aunan da ya kamata a duba

Ma'auni na farko shi ne man da ake cetowa, kuma a nan gara a yi lissafi da alƙalami a kan a saurari dillali. Hukumar albarkatun ƙasa ta Kanada tana ƙiyasta cewa injin da ke aiki a tsaye yana shan kimanin lita 0.6 a awa ga kowace lita ta girman inji, wato inji mai lita 1.6 yana shan kusan lita ɗaya a awa yana tsaye wuri guda. Haka kuma tsayuwar da ta wuce daƙiƙa 10 ta fi cin mai a kan kashewa da sake tayarwa, abin da ya rushe tsohuwar maganar nan cewa tayar da mota ya fi barin ta a kunne shan mai. Wannan magana ta zamanin kafireto ce. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi gwaji a 2014 ta sami ragin mai na kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a tuƙin cikin gari.

To, a mayar da wannan kuɗinmu. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta saukar da litar isansi zuwa sefa 499, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618, saboda haka a ɗauka lita dala ɗari ce. Ma'aikacin da ke fitowa daga Yantala zuwa tsakiyar gari ya koma, idan aka tara mintocin da injinsa ya yi a kashe aka sami 15 a yini, ya ceci rubu'in lita ke nan, dala 25. A kwana 300 na shekara ya tara jika 37 da rabi. Mai taksi da ke wuni tsakanin Wadata da Katako da Harobanda, wanda tsayuwarsa za ta iya kai awa ɗaya da rabi, zai ceci dala 150 a yini, abin da ya haura jika 200 a shekara. Wanda kuwa aikinsa hanyar Yamai zuwa Tawa ce, kilomita wajen 550 ta Doso da Dogondutse da Birnin Ƙonni, ba zai ceci abin sayen goro ba, domin ba ya tsayawa sai a shingen bincike. Tazarar da ke tsakanin waɗannan mutane uku ita ce rabin amsar tambayar.

Ma'auni na biyu shi ne batir, kuma a ganina shi ne uban sauran. Na uku shi ne zafi da yadda kilim ke yi idan inji ya mutu. Na huɗu ƙarkon dimarer da inji, na biyar samun mai gyara da kayan gyara a inda mutum yake, na shida kuma haɗari, musamman ruwan damina da cunkoson babura.

Zaɓi na farko: mota mai tsarin, a bar shi yana aikinsa

Tsoron da aka fi ji, na lalacewar dimarer, shi ne mafi ƙarancin tushe. Dimarer ɗin waɗannan motoci an ƙarfafa haƙoransa da gawayinsa, an ƙera shi ya jure tashi ninki da yawa a kan na tsohuwar mota, wasu motocin ma, kamar gazuwal ɗin Peugeot da Citroën masu alamar e-HDi, ba sa amfani da shi wajen wannan aiki, altanato ne ke juya inji ta hanyar bel. Inji kuma ba ya kashe kansa sai ya yi zafi, lokacin da mai ya riga ya zagaye ko'ina, kuma lalacewar da ake gudu tashin safe ne ke kawo ta, sa'ad da inji ya kwana mai ya sauka ƙasa. Sai dai idan ranar canza dimarer ɗin ta zo, kuɗinsa ya fi na gama-gari, kuma wanda aka ciro daga tsohuwar mota ba mai tabbatar maka sau nawa ya riga ya tashi.

Batir ne ke ɗaukar wahalar duka. Duk lokacin da inji ya mutu a jar wuta, shi ne ke riƙe fitilu da fanka da rediyo da kwamfutar mota, sannan a nemi ya tayar da inji cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ya sake yin haka bayan mita ɗari biyu. Batir na gama-gari ba zai jure wannan ba, shi ya sa ake sa ɗaya daga cikin iri biyu, EFB ko AGM, kuma an rubuta haruffan a jikinsa. AGM ya fi ƙarfi, ya fi tsada, sau da yawa kuɗinsa yana kusan ninka na gama-gari mai girmansa, amma ba ya shiri da zafi, shi ya sa kamfanoni da yawa ke ajiye shi a but ko ƙarƙashin kujera nesa da inji. EFB ya fi araha kuma ya fi haƙuri da zafin cikin kapo. Ƙa'idar canji ita ce motar da ta zo da EFB za a iya sa mata AGM, wadda ta zo da AGM ba a mayar da ita EFB, kuma dukansu biyu ba a sa musu na gama-gari muddin ana son tsarin ya yi aiki. Wasu motocin Mercedes da Volvo ma batir biyu gare su, babba da ƙarami, kuma ƙaramin nan da aka ɓoye shi ne yakan mutu ya bar mai mota yana neman laifi a wani wuri.

Abin bai tsaya a saye ba. A kan sandar batir ta baƙar waya akwai wata ƴar na'ura da ke auna cajinsa, kuma a motocin BMW da Audi da Volkswagen da wasunsu, idan an sa sabon batir sai an haɗa kwamfuta an sanar da motar, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa caji irin na tsohon da ya gaji, ta rage masa kwana. Na ga yadda wannan ya faru da yayan nawa. Bayan wata bakwai batirinsa ya mutu, ya je wurin wani mai sayar da batura ya ce a ba shi mai girman wannan. Mai shagon ya auna da tafin hannu, ya ɗauko na gama-gari ya ce, "Alhaji, batir batir ne, rubutun nan na Turawa ne kawai." Aka ɗaura, aka ƙwanƙwasa kan sandar da sifana har ƴar na'urar ta tsage. Tsarin bai sake aiki ba, abin da bai dame shi ba, amma batirin bai ga damina ta biyu ba, wannan kuwa ya dame shi.

Sai zafi. A yawancin waɗannan motoci bel ɗin inji ne ke juya kwamfuresan kilim, saboda haka idan inji ya tsaya sanyi ya tsaya, fanka kawai ke ci gaba da hura abin da ya rage. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 kusan kullum, cikin daƙiƙa ashirin ko talatin iskar za ta fara ɗumi. Kwamfutar motar ta san da haka, shi ya sa idan kilim yana kan ƙarfinsa takan ƙi kashe injin gaba ɗaya, ko ta kashe ta sake tayarwa kafin wuta ta canza. Ma'anar wannan ga aljihu ita ce a watannin da aka fi ƙona mai a tsaye, a nan ne tsarin ya fi yin ƙasa a gwiwa, kuma jika 37 da rabi ɗin da muka lissafa wa ma'aikacin Yantala za ta iya komawa rabi. Da sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, da safiya da dare, a nan ne yake cika alƙawarinsa.

Cunkosonmu ma ba irin wanda aka shirya masa ba ne. A gadar Kennedy da safe mota ba ta tsayawa minti guda ta wuce, jan ciki take yi, taku biyu a tsaya, taku uku a tsaya. Motoci da yawa ba sa sake kashe inji sai sun ɗan yi gudu tun tsayuwar baya, waɗanda ke kashewa kuwa suna gajiyar da direba da karkarwa. A shataletale, inda ake shiga da rabin daƙiƙa tsakanin babura, jinkirin tashin inji yana sa gaban mutum ya faɗi ko da bai kai ga haɗari ba. Masu atomatik suna da dabara: a motoci da yawa idan ka riƙe birki da sauƙi injin ba ya mutuwa, sai ka danne shi sosai.

Haɗarin da na fi so a riƙe shi ne na ruwa. Idan mota ta shiga ruwan da ya kwanta a titi da damina, injin ya shaƙi ruwa ya mutu, babban kuskure shi ne a sake tayar da shi, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sandunan fistan ne za su lanƙwashe. Mota mai wannan tsari tana iya yunƙurin tashi da kanta kafin direba ya yi tunani, shi ya sa littattafan motocin ke cewa a kashe shi kafin a ratsa ruwa. Duk wanda ya san yadda wasu titunan Yamai ke zama a watan Agusta ya san wannan gargaɗi da mu yake. Haka nan a garaji, kada yaron makanike ya sa hannu kusa da bel don ya ji shiru, sai an kashe motar da makulli.

Zaɓi na biyu: mota mai tsarin, amma a hana shi

Hanya mafi sauƙi ita ce maɓallin nan mai harafin A, wanda ba ya cin ko dala kuma ba ya ɓata komai. Aibinsa ɗaya ne: a yawancin motoci da zarar an kashe mota an sake kunnawa tsarin ya dawo, domin da shi aka auna hayaƙin motar aka ba ta takarda. Wannan ne ke ba mutane haushi, amma ni ina ganin alheri a ciki, domin yana ba direba damar zaɓe kullum gwargwadon rana da hanya.

Masu son rabuwa da shi dindindin suna da hanya uku, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai ƴar na'urar da ake saƙalawa a bayan maɓallin, wadda ke tuna zaɓin ƙarshe, ana iya cire ta a mayar da mota yadda take. Akwai sauya umarni ta kwamfuta, wanda ke da tsabta idan mai yin ya san motar, yake kuma iya rikita wasu abubuwa idan mai koyo ne. Ta uku ita ce wadda aka fi yi a bakin titi, wato a zare wayar na'urar da ke kan batir ko ta makullin kapo domin motar ta ɗauka akwai matsala ta daina kashe inji. Wannan tana aiki, amma an makantar da kwamfutar da ke lura da caji ke nan, kuma wata fitilar gargaɗi za ta iya zama a kunne har mutum ya saba da ita, ranar da matsalar gaske ta zo ba zai kula ba. Ban ba kowa shawarar wannan ba.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne zaton cewa da an hana tsarin an huta da batir mai tsada. A motoci da yawa altanato ɗin kansa na zamani ne, yana rage caji sa'ad da ake taka totur, ya tura shi da ƙarfi sa'ad da aka saki, kuma an daidaita wannan da irin batirin da motar ta zo da shi. Hana tsarin yana ƙara wa batirin kwana, wannan gaskiya ne, amma bai mayar da motar ta 2005 ba. Mai wannan zaɓi yana biyan kuɗin kayan da ba ya mora, sai dai yana samun mota sabuwa-sabuwa, wadda ko ba tsarin ta fi tsofaffi ƙarancin shan mai.

Zaɓi na uku: motar da ba ta da shi tun asali

A nan ba a buƙatar dogon bayani, domin ita ce motar da kowa ya sani: tsofaffin Corolla da Avensis da Hilux, da yawancin motocin da aka ƙera don kasuwar Afirka da ƙasashen Larabawa. Batirinta yana kowane shago daga Katako har Abalak, kowane mai gyaran wuta ya san dimarer ɗinta, kilim ɗinta ba ya yankewa a jar wuta. Abin da take ci shi ne man tsayuwa, kuma idan tsufa ne ya sa ba ta da tsarin, to tsufan yana da nasa kuɗin. Direba yana iya kashe ta da makulli a doguwar tsayuwa, kamar layin gidan mai irin wanda aka sha a watan Maris na 2025, ko jiran yara a ƙofar makaranta. Amma kada ya mayar da wannan al'ada a kowace jar wuta, domin dimarer ɗinta da batirinta ba a yi su don haka ba.

Zaɓi na huɗu: mota mai haɗa mai da lantarki

Wannan ita ce dillalai ke kira ibirid, irin su Prius da Toyota ta fara sayarwa a Japan a 1997, da Auris da Yaris da Camry da RAV4 masu wannan tsari. Ita ma tana kashe injinta, har ta fi sauran yawan kashewa, amma ƙorafin da ake yi wa waɗancan bai shafe ta ba. Ba ta da dimarer irin wanda aka sani, wani injin lantarki ne ke juya injin mai, mota kuma takan fara tafiya da lantarki kafin injin ya shigo, saboda haka babu jinkiri a shataletale. Tun daga Prius ta biyu, ta 2003, kwamfuresan kilim na lantarki ne, sanyi ba ya yankewa ko inji yana kashe. A jan cikin gadar Kennedy, inda tsarin kashe-da-tashi ke rikicewa, a nan ne ita ta fi nuna gwaninta.

Kuɗin sayenta ya fi, kuma babbar barazanarta a ƙasarmu ƙura ce da zafi. Babban batirinta yana shan iska ta wata ƴar taga kusa da kujerar baya, idan ƙurar hunturu ta toshe fankar, ko aka jibga kaya a bakin tagar, batirin zai riƙa dahuwa a hankali har ya mutu, canjinsa kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Wayoyinta masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 200, ba wurin gwaji da sukuddireba ba ne. Ko mai ɗura iskar kilim sai wanda ya san cewa kwamfuresanta yana da nasa mai na musamman, idan aka zuba na gama-gari zai iya lalata shi. A Yamai ana samun masu wannan sani idan an bincika, amma kafin mutumin Tawa ya saya, ya fara sanin wanda zai duba masa ita. A kuma lura da motocin da aka rubuta wa ibirid alhali ƙaramin taimako ne kawai suke samu daga lantarki, kamar wasu Suzuki: tashinsu ya fi laushi, amma yawancinsu kilim ɗinsu na bel ne, yana tsayawa tare da inji.

| Ma'auni | A bar tsarin | A hana tsarin | Marar tsarin | Ibirid |
|---|---|---|---|---|
| Ragin mai a gari | Kaɗan zuwa matsakaici | Babu | Babu | Mai yawa |
| Ragin mai a doguwar hanya | Kusan babu | Babu | Babu | Kaɗan |
| Batir | EFB ko AGM, yana wahala | EFB ko AGM, ya fi daɗewa | Na gama-gari | Ƙarami da babba mai tsada |
| Kilim a tsaye | Yana raguwa | Bai yankewa | Bai yankewa | Bai yankewa |
| Mai gyara | Mai kwamfuta | Mai kwamfuta | Kowane garaji | Ƙwararre kaɗai |
| Abin tsoro | Ruwan damina | Yanke waya barkatai | Tsufa | Ƙura da babbar wuta |

Wa ya dace da wanne

Mai taksi ko mai kai kaya cikin Yamai, wanda ke wuni a titi kuma yawanci gilashinsa a sauke yake ba ya kunna kilim, shi ne mutumin da tsarin ke biya da gaske, domin abin da zai ceta a shekara ya fi ƙarin kuɗin batir nesa ba kusa ba. Sharaɗinsa ya sayi batirin da ya dace ko da ya ji zafin kuɗin, kuma idan jarinsa ya kai, ibirid ta fi masa.

Ma'aikacin da ke tafiyar minti ashirin da safe da ashirin da yamma, kilim a kunne, ribarsa da asararsa kusan kunnen doki ne, kuma gajeriyar tafiya ba ta cika batir yadda ya kamata. Idan motar da ta kwanta masa a rai tana da tsarin, kada ya fasa saye saboda shi, kada kuma ya ƙara ko dala saboda shi. Ya yi amfani da maɓalli: a kashe da bazara da ranar ruwa da cikin jan ciki, a bar shi da hunturu da dare. A nan yayana ya tsaya bayan ya sayi batir na uku, wannan karon EFB, aka kuma canza masa ƴar na'urar da ta tsage.

Mai iyali da ke ɗaukar jarirai ko tsofaffi da tsakar rana, wanda sanyin mota ba ado ba ne a wurinsa, ya zaɓi marar tsarin ko ibirid, ko ya sa a saƙala masa na'urar da ke tuna maɓalli.

Mutumin Tawa da ke zirga-zirga zuwa Ƙonni da Keita da ƙauyukan da ke bayan kwalta, inda mota za ta iya mutuwa a wurin da babu kwamfuta sai sifana da igiya, marar tsarin ce tasa, kuma ba ya asarar komai domin dama ba a jar wuta yake ƙona mansa ba.

Wanda kuwa ya riga ya tsaya a gaban mota a wurin dillali, ya nemi a buɗe kapo ko but ya karanta jikin batirin da idonsa, ya ga ko akwai EFB ko AGM, ya duba ko wayar ƴar na'urar tana haɗe. Sannan ya nemi a zaga da ita minti goma sha biyar har inji ya yi zafi, ya kashe kilim, ya ɗaura bel, a rufe ƙofofi, ya tsaya cak. Idan injin bai mutu ba alhali maɓallin A yana nan, mafi yawan lokuta batirin ne ya gaji ko aka sa wanda ba nasa ba, sai ya cire kuɗin sabo daga farashin kafin a yi sallama.